Na haɗa wa gida wajen kallon fim, amma Hajiya da ke Katsina ba ta gani. Ina mafita?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin na'ura ku matso kusa, akwai abin da ya ɗaure min kai yau kusan sati biyu. Ina da wani had-dis mai tera 2 da na jima ina tara kaya a cikinsa tun ina saurayi, tsofaffin finafinan Hausa da na kwafa daga faya-fayan da marigayi Baba ya bari, katun na yara, tafsirin azumi na shekaru da yawa, sai kuma bidiyon bukukuwan gidanmu kusan duka tun daga auren babban yayanmu har sunan 'yar ƙanwata na bara. Da can yawo kawai had-dis ɗin yake yi, yau a falo gobe a ɗakin madam jibi wani ya ara, har ran nan ƙaramin yarona ya sako shi daga kan tebur, Allah ya sa bai mutu ba amma ni sai da na kusa sumewa. Shi ne wani abokin aikina ya ce in sa Jellyfin, wata manhaja da ke mayar da kwamfuta saba, wato ma'ajiyar da tibi da waya ke janyo fim daga cikinta, a tsohuwar laftof ɗina da gilashinta ya fashe, in jona mata had-dis ɗin in ajiye ta gefen rauta in daina taɓawa. Na yi kuma wlh abin ya burge ni, tibin falo mai akwatin Android tana gani, wayar madam tana gani, kowa ya zaɓi abin da yake so, kuma ba ya cin data ko kaɗan tunda a cikin gida yake zagayawa.

To ga inda gizo ke saƙar. Ni ina Kano, Hajiyarmu tana Katsina, ƙanina yana Kaduna, ƙanwata tana aure a Jidda, kuma so nake su ma su riƙa shiga suna kallo, musamman Hajiya da kullum sai ta tambaye ni bidiyon bikin Yaya saboda Baba yana ciki. Na tura wa ƙanina lambar da nake shiga da ita, wadda ta fara da 192.168 ta ƙare da 8096, ya ce shi ba abin da ya buɗe masa. Me na yi ba daidai ba? Kuma akwai wanda ya taɓa yin irin wannan a nan ƙasar ya ɗore, ba irin na Turawa da muke gani a YouTube ba?

Ɗan Farm Center:
Oga wahala kawai kake nema wa kanka. Kawo filash mai giga 64 in cika maka shi tam, ka ba direba a tasha da safe, kafin la'asar Hajiya tana kallo. Wannan saba-sabar ta masu wutar awa 24 ce.

Injiniya Ba Satifiket:
Wa'alaikumus salam. Ba abin da ka ɓata, lambar da ka tura masa ce ta cikin gida. Kamar mutum yana Kaduna ka ce masa ina ɗaki na biyu hannun dama, ba ka faɗa masa gari ba ba ka faɗa masa unguwa ba. Duk gidan da ke da rauta yana da irin wannan lambar mai 192.168, ita kuma 8096 ƙofar Jellyfin ce. Da a ce intanet ɗinka yana da adireshin waje naka kai kaɗai da sai a buɗe wannan ƙofar a rauta shi kenan, amma layukan waya da Mifi da yawancinmu ke amfani da su tara ɗimbin mutane suke yi a bayan adireshi guda, CGNAT ake ce wa tsarin, ko Starlink na gida ma haka yake. Don haka ko ka buɗe ƙofar ba wanda zai same ka daga waje. Kuma ko da zai yiwu ni ban ba ka shawara ba, kamar ka kwana zaure a buɗe ne.

Abin da za ka yi, ka sa Tailscale a laftof ɗin, ka sa a wayar ƙaninka, ya shiga ta gayyatarka. Zai haɗa ku kamar kuna gida ɗaya, ya ba laftof ɗin wata lamba mai farawa da 100, ita zai rubuta sannan 8096. Yana da manhaja har ta akwatin Android na tibi, kuma na amfanin gida kyauta ne.

Ɗan Farm Center:
Ko kuma ya sa Plex, shi ma irin Jellyfin ɗin ne, ya huta, ya fi sauƙin haɗawa.

Injiniya Ba Satifiket:
Da kenan. Tun 29 ga Afrilu 2025 Plex suka mayar da kallon daga wajen gida na kuɗi, ko mai sabar ya biya Plex Pass wanda a lokacin ya koma dala 6.99 a wata, na har abada kuma ya tashi daga dala 119.99 zuwa 249.99, ko mai kallon ya biya nasa, wanda aka fara da dala 1.99 a wata. Ka buga wannan da naira ka gani. Jellyfin kuwa ba mai karɓar ko sisi, ai dalilin kafa shi kenan ma, a ƙarshen 2018 ne da masu wata manhaja irinsa mai suna Emby suka rufe lambobin manhajarsu wasu suka ɗauki na baya da yake a buɗe suka ci gaba da shi. Baban Yara ya tsaya a kan Jellyfin ɗinsa.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri Injiniya, yanzu na gane. Bari in koma gida in gwada da daddare.

Injiniya Ba Satifiket:
Tsaya tukuna kafin ka yi murna, akwai lissafin da ya kamata ka yi kuma shi ne yake kayar da mutane. A cikin gida kyauta ne kamar yadda ka ce. Amma duk fim ɗin da aka kalla daga Katsina sai ya fita ta layinka, ma'ana data biyu ake ci, taka ta turawa da tasu ta saukewa. Fim mai awa 2 da yake tafiya a megabit 5 cikin daƙiƙa ya kai giga 4 da rabi. Kai giga 4 da rabi, Hajiya giga 4 da rabi. In ka rage kyan hoton zuwa 720 a megabit 2 zai dawo wajen giga 1.8, har yanzu sau biyu. Ka tuna a Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100. Sannan layin waya ƙarfin turawarsa ba ya kai na saukewa, da daddare lokacin da kowa ke kan layi kuma nan ne za ka ga fim yana tsayawa yana juya ɗan zoben nan. In mutum uku suka shiga lokaci ɗaya kuwa sai dai haƙuri.

Autan Hajiya:
Au Yaya ashe nan ka kawo ƙarata 😂 To ka ji dai ba laifin wayata ba ne, da ka ce wai ban iya komai ba sai cin tuwon Hajiya. Ni dai in za a ci min giga 4 a fim ɗaya ka sa min data tukuna.

Baban Yara:
Kai dalla rufe min baki, manya na magana.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ba na'urar ce ta dame ni ba, wata magana na gani a rubutunka da ban ga kowa ya kula ba. Ka ce har da bidiyon bukukuwan gida. Baban Yara ka zauna ka kalli abin da ke cikinsu kuwa? Bidiyon biki ba ɗaurin aure kaɗai ba ne fa, akwai kamu akwai sa lalle akwai wunin mata, mata sun saki jiki ba mayafi suna rawa don sun san tsakaninsu ne, wasu matan mutane ne wasu ma sun rasu. Lokacin da yake a kaset ko a faifai sai wanda aka miƙa wa yake gani. Yanzu kana so ka zuba shi inda ƙaninka zai buɗe a ɗakin samari, mijin ƙanwarka ya buɗe a Jidda, wani ya ɗauka da waya daga jikin tibi gobe a gan shi a TikTok da waƙa a kai. Ka tambayi matan gidan naku sun yarda?

Baban Yara:
Kai Hajiya kin taɓo wani waje. Wlh ban kawo wannan a raina ba sam, ni Baba kawai nake tunawa a ciki.

Autan Hajiya:
Anti ni fa ba ɗakin samari nake ba, ni kaɗai ne a ɗakina.

Maman 'Yan Biyu:
Auta ai ba kai nake zargi ba, abokai nake ji. Bari in ba ku nawa labarin ku ji. Mu ma maigida ya haɗa mana irin wannan, ba Jellyfin ba ma, had-dis ne kawai a jikin rauta tibi tana gani. Rannan surukina ya zo daga ƙauye ganin likita ya sauka wajenmu, bayan isha aka ce a sa masa tafsiri, yarinyata ta ɗauki rimot tana ta dannawa sai ga ni a allon inci 43 ranar kamuna ina tiƙar rawa ana min liƙi, sauti har ƙofar gida. Tsohon nan ya sunkuyar da kai yana ta jan carbi kamar bai gani ba, ni kuwa ina kicin na rasa inda zan sa kaina, kwana uku da ya yi a gidan ban yarda mun haɗa ido ba, abinci ma yara nake ba su kai masa. Har yau in aka ce zai zo sai gabana ya faɗi. Tun daga ranar na sa aka cire.

Ɗan Farm Center:
😂😂😂 Allah ya ba da haƙuri Hajiya amma na yi dariya har kwastoma ya tambaye ni lafiya.

Injiniya Ba Satifiket:
Maganarta gaskiya ce kuma gyaran ba wuya. Kar ka ba kowa akawun ɗinka na mai gida. Ka raba kayan folda-folda, finafinai daban, katun daban, tafsiri daban, bukukuwa daban, na mata ma ka ware shi daban. Sai ka buɗe wa kowa akawun da kalmar sirrinsa ka zaɓa masa foldar da zai gani, wadda ba ka ba shi ba ko sunanta ba zai gani ba. Akwai wajen hana saukewa, akwai na hana gogewa, wannan na biyun ka tabbatar ka kashe wa kowa. Na yara kuma har lokaci za ka iya sa masa, ka ce daga bayan la'asar zuwa magariba, lokaci na cika ya rufe. Amma ɗauka da waya daga jikin allo kam babu na'urar da za ta hana, wannan sai amana.

Mai Yanka Fim:
Ina ta karantawa ina shiru amma bari in ce wani abu ko da ba za a so ba. Ni aikina kenan, tace hoto da haɗa sauti, shekara goma sha ina ciki. Bidiyon bikinku naku ne ku yi yadda kuka ga dama. Amma finafinan nan da ake cewa an tara a had-dis mai tera 2, na wa ne? Kun san yadda Ƙofar Wambai take a da, furodusa ya kai fim 'yan kasuwa su saya a buga faifai a raba har Nijar da Kamaru da Gana, daga nan kowa ke samun na cefane, mai kyamara da mai fitila da mai dafa wa 'yan lokeshin abinci. Turi a waya da memori ne ya kashe wannan kasuwar, naira hamsin a zuba maka fim ɗin da aka kashe miliyoyi. Shi ya sa kuka ga kowa ya koma yin mai dogon zango a YouTube, don ko ba komai tallan da ke fitowa yana kawo wani abu. To shi ma sai a sauke shi a zuba a had-dis gida goma su kalla, mu a wajenmu mutum ɗaya ne ya kalla. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, amma ni ba ma ta doka nake ba, haƙƙi nake tuna muku.

Ɗan Farm Center:
Malam da mu kake kenan, fito fili kawai. Mu ma neman halak muke, kuma ba mu muka kawo wayar Android duniya ba. In ban tura ba na kusa da ni zai tura.

Mai Yanka Fim:
Wannan hujjar ai kowa ma zai iya kawo ta a kan komai.

Baban Yara:
A yi haƙuri kar a yi faɗa a kaina. Malam na ji maganarka kuma ban raina ta ba. Amma nawa yawanci faya-fayan da Baba ya saya da kuɗinsa ne, da kwalinsu da komai, wasu sun fara cin tsatsa suna tsalle shi ya sa na kwafe. Irin waɗannan ko ka nema da kuɗinka yanzu ina za ka samu? Wasu kamfanonin ma babu su. In na bar su suka lalace wa na taimaka?

Mai Yanka Fim:
A kan tsofaffin da aka saya ba ni da ja, gaskiya ma wani lokacin mu kanmu a hannun irinku muke samun aikinmu na da, don masu shi ba su adana ba. Akwai wanda na yi aiki a kansa ina yaro, asalin kaset ɗin ruwa ya ci shi a sito, sai a wajen wani mai shago na ga kwafi. Roƙona kawai sabbin da ke kan tashoshin masu su a kalla a can, a bar tallan ya wuce ko na daƙiƙa biyar ne. Akwatin Android ɗin da kake da shi ai yana da YouTube.

Baban Yara:
Wannan na ɗauka, in sha Allahu. Akwai guda biyu masu dogon zango da madam ta sa na sauke mata, zan goge.

Maman 'Yan Biyu:
Ka dai fara sanar da ita kafin ka goge in kana son zaman lafiya.

Kawu Na Fagge:
Yaran zamani kuna ba ni mamaki. Kowa da akawun ɗinsa kowa da kalmar sirrinsa, a gida ɗaya. Mu lokacin da muka taso tibi ɗaya ce a layinmu gaba ɗaya, baƙi da fari, mai gidan ya fito da ita tsakar gida bayan magariba a shimfiɗa tabarmi, yara a gaba manya a baya, a kamo CTV ko NTA, in wasan kwaikwayo ya zo ba ka jin ko tari. Wanda bai yi wanka ba a kore shi. Da bidiyo ya zo kuma haya muke zuwa yi, kaset ɗaya gida uku su kalla kafin a mayar. Yanzu ɗana ya sa min irin akwatin nan, finafinai sun fi dubu a ciki, ina zaune ni kaɗai a falo ina ta danna rimot har barci ya ɗauke ni ban zaɓi ko ɗaya ba, su kuma kowa yana ɗaki da waya a hannu. Ɗana, tsohuwar nan da kake ta wahala dominta ka tabbata fim ɗin take so? Ko wanda za ta kalla da shi take nema?

Autan Hajiya:
Kawu ka faɗi gaskiya wlh, ko da muke gida Hajiya ba ta kallo ita kaɗai, sai ta tara jikoki tana ba su labarin wanda ke cikin hoton, wannan kakanku ne wannan gwaggonku ce da ta rasu.

Baban Yara:
Kawu na ji, Allah ya ƙara girma. Da sallah muna can gaba ɗaya in Allah ya kai mu. Amma kafin nan dai ina so ta samu.

Ba'damagare:
Sannunku. Mu nan Zinder wahalar wuta ta koya muna hankali tun 2023 da aka yanke wadda ke zowa daga Najeriya, duk abin da ke son wuta dare da rana mun bar shi. Kile muke sakawa a tele, shi ne filash a wajenku. Ina tambaya ita laftof ɗin in wuta ta tafi fa? Mai kallo daga nesa ya zai yi?

Injiniya Ba Satifiket:
Tambaya mai kyau. Nan ne ma tsohuwar laftof ta fi kwamfutar tebur, tana da batirinta, in an ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take, kuma mutuwar farat ɗaya ita ce ke kashe had-dis yana tsakiyar juyawa. Amma rauta ma sai an ba ta nata, ƙaramin batirin rauta ko a jona ta a sola. Cin wutar ba yawa, ka ce wat 20, a kwana wat-awa 480 kenan, a wata yunit 14 da ɗori, ko a kuɗin Band A na naira 225 da aka sa a Afrilun 2024 bai wuce dubu uku da 'yan kai ba. Masu 'yar ƙaramar kwamfutar nan kamar tafin hannu, Raspberry Pi 4, ma ba sa kai rabin haka, sai dai ita ba ta da ƙarfin sauya fim tana turawa. Wannan sauyawar ita ce in akwatin mai kallo bai iya karanta irin fayil ɗin ba, ko layi ya yi rauni, sai sabar ta riƙa juya fim ɗin zuwa wanda zai iya, nan za ka ji fankar laftof tana kuka kamar injin markaɗe. Maganinta ka juya su tun da wuri da manhajar HandBrake zuwa nau'in bidiyo na H.264, kusan ba na'urar da ba ta karanta shi.

Kuma Baban Yara dan Allah, had-dis ɗin da ya taɓa faɗuwa ba abin yarda ba ne. Fim ko ya ɓata wani yana da shi. Bidiyon da mahaifinka ke ciki kai kaɗai ke da shi. Ka sayi na biyu ka kwafe yau ba gobe ba, ka ajiye shi a wani gidan.

Baban Yara:
Wannan ta shige ni. Gobe zan shigo kasuwa. Wani abu kuma, me ya sa yake sa wa finafinan Hausa hoton wasu finafinan daban? Akwai wani tsohon fim na soyayya da ya manna masa hoton wani Bature riƙe da bindiga, bikin Yaya kuma ya sa masa fostar fim ɗin Koriya, madam ta yi ta dariya.

Injiniya Ba Satifiket:
😂 Sunan fayil ɗin yake ɗauka ya je rumbun bayanan finafinai na intanet mai suna TMDb ya nemo wanda ya yi kama, tsofaffin finafinanmu kuma da yawa ba a shigar da su can ba, sai ya cafko na kusa. Bukukuwa ka sa su a nau'in bidiyon gida da hotuna, ba zai nemo komai ba. Finafinan kuma tunda kana da kwalayen, ka ɗauki hoton kowanne da waya ka ajiye a foldar fim ɗin da suna poster.jpg, zai ɗauka. Na faya-fayan VCD kuwa kar ka sa rai da kyan hoto, girman hotonsu ɗigo 352 ne a 288, a babbar tibi sai ka ga fuska kamar an zana da gawayi, ba abin da zai gyara shi.

Baban Yara:
Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Tailscale ya yi aiki, Auta ya shiga daga Kaduna, ƙanwata ma ta shiga daga Jidda har ta kalli sunan 'yarta tana ta turo min saƙon murya tana kuka. Ita can intanet ɗinsu ba matsala, nawa ne ya ji jiki, kwana uku na ga giga 19 ta tafi, na ce to kowa ya dakata sai ranar Juma'a da daddare, fim ɗaya, shi ma na rage shi zuwa 720. Na ware na mata na ba madam da ƙanwata kaɗai, da na tambayi matar Yaya ma cewa ta yi nata kar a sa ko'ina, na cire. Had-dis na biyu yana gidan Yaya.

Na Hajiya kuwa ya gagara. Na tura kuɗi aka saya mata akwatin, wani ɗan maƙwabta ya haɗa, amma unguwarsu sabis sai a hankali, minti biyu ya tsaya minti biyu ya tsaya, ga rimot biyu sun rikita ta, ta ce ita a rabu da ita da wannan abu mai juya zobe. Ƙarshe dai filash ɗin na saya. Shi ma sai da ya ba ni wahala, bikin Yaya ya fi giga 4 ya ƙi shiga wai tsarin fomat ɗin filash ɗin, FAT32, ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce haka, na mayar da shi wani tsarin mai suna exFAT na gwada a irin tibinta a nan ta ƙi gani, sai da na matse bidiyon ya dawo giga 2 sannan na mayar da FAT32. Jiya da safe na ba direba, azahar ta kira ni.

Ɗan Farm Center:
Me na ce tun ranar farko? A duba sama a karanta. Injiniya da turancinsa duka a filash aka ƙare, kuma ba ma a wajena ka saya ba oga, Allah ya isa ban ce ba amma na ji haushi.

Injiniya Ba Satifiket:
Mutum biyu cikin uku suna kallo ta hanyata, kai ɗaya. Lissafa.

Maman 'Yan Biyu:
Ku bar musun nan, me Hajiya ta ce da ta kira?

Baban Yara:
Ba ta yi maganar fim ko ɗaya ba cikin guda 20 da na zuba mata. Ta tara jikokin gidan da maƙwabciyarta sun kalli ɗaurin auren sau biyu, ta ce akwai wajen da Baba ya juyo yana gyara babbar riga yana yi wa mai kyamara faɗa ya matsa daga gaban liman, nan take so a tsayar mata, yaran kuma ba su san madannin tsayarwa ba. Na kwatanta mata a waya mun fi minti goma, ƙarshe na ce a ɗiga wa madannin jan farce don ta riƙa gane shi.

Autan Hajiya:
Yaya yanzu muka gama waya da ita. An ɗiga jan farcen amma a rimot ɗin akwatin aka ɗiga ba na tibi ba, na tibin kuma tun safe ba a gan shi ba, ana zargin ɗan wajen Anti ya tafi da shi islamiyya a jaka. Ta ce in ka tashi aiko direba ka haɗo da wani rimot ɗin, da batir, da man zafin nan na ƙafa da ka kawo mata wancan zuwan.